Aikin Mataimakiyar Nas: Amsoshin Tambayoyin Masu Son Farawa

Duk shekara idan sakamakon WAEC da NECO ya fito, tambayoyi iri ɗaya ne suke dawowa daga 'yan mata da samarin da ke sha'awar aikin asibiti amma ba su samu gurbi a makarantar nas ba, ko kuɗin bai kai ba. Haka ma matan aure da zawarawa masu neman sana'ar da za su riƙe 'ya'yansu. Na tattaro tambayoyin, na amsa su a kan yadda abin yake a Nijeriya, in ban da ta ƙarshe da ta shafi ƙasashen waje. Yawancin masu tambayar mata ne, shi ya sa za a ji ina cewa "ke", amma namiji ma da shi nake.

1. Wai mene ne aikin mataimakiyar nas ɗin?

Ita ce hannun nas na biyu a ɗakin marasa lafiya. Ita ke gyara gado, ta sauya zanin da ya ɓaci, ta yi wa wanda ba ya iya tashi wanka a kwance, ta wanke masa baki, ta ba shi abinci, ta kai masa fo ta ɗauke, ta juya shi daga wannan ɓari zuwa wancan. Ita ke tura shi a keke zuwa ɗakin hoto ko tiyata, ta kai jini da fitsari ɗakin gwaji. Inda aka koya mata kuma aka yarda da hannunta, takan auna zafin jiki da bugun jini da hawan jini ta rubuta.

Akwai kuma aikin da ba a cika rubutawa a takardar ɗaukar aiki ba, alhali shi ne babba: lura. Likita yakan zagayo sau ɗaya ko biyu a yini. Da dare nas ɗaya tana iya riƙe da ɗaki guda cike da gadaje. Wadda ta fi kowa daɗewa a bakin gado ita ce mataimakiya, don haka ita ke fara ganin cewa Baba na gadon lungu yau bai taɓa kokonsa ba kuma maganarsa ta soma sarƙewa, ko mai jegon da ta haihu da asuba zaninta ya jiƙe da jini fiye da kima. Ta gani, ta faɗa wa nas nan take. Rayuka da yawa a nan ake ceto su.

2. Me ya bambanta ta da nas, da ungozoma, da waɗanda ake kira CHEW?

Lasisi. Nas da ungozoma suna ƙarƙashin Hukumar Nas da Ungozoma ta Nijeriya, wato NMCN, wadda aka kafa da doka mai lamba 89 ta 1979. Sai mutum ya yi makarantar da hukumar ta amince da ita, ya ci jarrabawarta, sannan sunansa ya shiga rajista. Ma'aikatan lafiya na matakin farko, JCHEW da CHEW da CHO, waɗanda suka riƙe asibitocin sha-ka-tafi na ƙauyukanmu, su kuma hukumarsu daban ce, CHPRBN, wadda aka kafa a 1992. Karatun JCHEW shekara 2 ne, na CHEW shekara 3, a kwalejojin fasahar lafiya.

Mataimakiya ba ta cikin rajistar ko ɗaya daga cikinsu. Tana aiki ne a ƙarƙashin nas, da umarninta, kuma nas ɗin ce za a tuhuma idan ta saka ta abin da bai dace ba. Talaka dai duk wanda ya gani da yunifom a asibiti "malam" ne ko "sista", amma doka ta san bambancin, ke ma ya kamata ki san shi tun ranar farko.

3. Wani asibitin kuɗi ya ce in biya, su koya mini aikin "ogzilari nas" na shekara ɗaya, su ba ni satifiket. In shiga?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin a nan ake cinye kuɗin iyaye. NMCN ba ta san wani abu wai shi ogzilari nas ba. Ba ta ba su lasisi, ba ta karɓar takardarsu, kuma ta sha yin gargaɗi a kan asibitocin da ke yaye su. Za a ɗinka miki farin kaya, a yi bikin yaye ɗalibai da hula da hotuna, amma ranar da kika kai takardar ofishin gwamnati neman aikin nas, ko wata makaranta neman ƙarin karatu, za a mayar miki da ita. Kiran kai nas ko yin aikin nas ba tare da rajista ba laifi ne a dokar ƙasa. Makarantun lafiya na bogi ma sun yi yawa, har gwamnatin Kano ta rufe da dama daga cikinsu a 2022.

Ban ce ba a koyon komai a irin waɗannan wurare ba. Ana koyon gyaran gado da awo da zama da marasa lafiya. Illar ita ce ana haɗawa da koya wa yarinya allura da sa ƙarin ruwa ba tare da ilimin da ke bayansu ba, a kuma sa mata a rai cewa ta zama nas. Idan asibiti mai rajista zai ɗauke ki a matsayin mataimakiya, ya kira ki da wannan sunan, ya koya miki a bakin aiki, to babu laifi. Idan kuwa kuɗi ake nema a hannunki da alkawarin takardar nas, ki riƙe kuɗinki ki karanta tambaya ta 12.

Kafin ki biya ko sisi a kowace makaranta, ki duba sunanta a jerin da NMCN ko CHPRBN ke wallafawa a shafukansu na intanet. Allon da ke bakin ƙofa ba hujja ba ne.

4. To ta ina zan fara?

Ƙofofin uku ne. Ta farko gwamnatin jiha, ta hannun hukumar kula da asibitoci ko hukumar lafiya matakin farko, idan an buɗe ɗaukar ƙananan ma'aikata. Takardar sakandare ake nema, horon kuma a bakin aiki ake yin sa. Ta biyu asibitocin kuɗi masu rajista da ma'aikatar lafiya ta jiha. Ta uku jinya a gida: iyalai da yawa a Kano da Kaduna da Abuja suna neman wadda za ta kula da tsohuwa mai shanyewar ɓarin jiki, kuma galibi ta bakin nas-nas ake samun irin wannan aikin. Asibitocin tarayya da yawa sun miƙa ƙananan ayyukan ɗaki ga 'yan kwangila, don haka can ɗin kamfanin za ki nema.

Kafin nan, ki yi horon taimakon gaggawa na ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Nijeriya. Kwanaki kaɗan ne, kuma takardarsa sananniya ce. Samarin da suka yi aikin 'yan agaji a ƙungiyoyin addini, suka saba da ɗaukar mara lafiya da zirga-zirgar asibiti, su faɗi hakan a wurin intabiyu, yana da daraja.

5. Me ya kamata in iya a watannin farko?

Awo, da sanin lokacin da lambar ta fita daga iyaka. Ga babban mutum da ke hutawa, zafin jiki yakan tsaya tsakanin 36.5 da 37.5, idan ya kai 38 zazzaɓi ne. Bugun jini 60 zuwa 100 a minti ɗaya, numfashi 12 zuwa 20, hawan jini wajen 120 bisa 80. Ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin da ke cikin jini ta kamata ta nuna 95 zuwa sama. Na yara daban ne, jariri bugunsa da numfashinsa sun fi haka sauri, saboda haka kada ki auna shi da ma'aunin manya. Duk lambar da ta kauce, ki sake aunawa, ki kai wa nas da bakinki, kada ki rubuta kawai ki wuce.

Ina roƙonki abu guda: kada ki taɓa rubuta lambar da ba ki auna ba. Numfashi aka fi yi wa haka, a duba agogo a ga aiki ya yi yawa a rubuta 20. Alhali saurin numfashi yana cikin alamun farko da ke nuna jiki ya soma rikicewa, tun kafin hawan jini ya faɗi. Minti ɗaya ne kacal.

Sai ciyarwa. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye sau da yawa haɗiya tana yi masa wuya. A zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan, idan ya soma tari ko muryarsa ta koma kamar mai kurkure, a dakata a kira nas, domin abincin yana iya gangarawa huhu. Kada a ɗura wa wanda ke magagi kunu komai matsin 'yan'uwansa. Wanda kuma aka ce kada ya ci komai saboda tiyata, ko ruwa ne a tambaya tukuna.

6. Za a bar ni in riƙa yin allura da sa ƙarin ruwa?

A'a, kuma wurin da ya bar ki ba gata ya yi miki ba. Allura, sa kanula (siririyar robar da ake sakawa a jijiya), ƙarin ruwa, ƙarin jini, sa robar fitsari, ɗinki, karɓar haihuwa da rubuta magani duk aikin masu lasisi ne. Soka allurar ba wuya, yaro ma zai koya a yini ɗaya. Abin da ake shekaru ana karantawa shi ne sanin wane magani, nawa, ga wa, da abin yi idan jiki ya ƙi shi. Allurar ɗuwawu da ta sauka ba a wurinta ba tana iya taɓa babbar jijiyar ƙafa, yaro ya tashi yana jan ƙafa har girmansa. Ruwan da ya gudu da sauri a jikin mai ciwon zuciya ko ƙaramin yaro yana iya cika huhu.

Jarrabawar gaske a unguwa take. Da an ga kina fita da yunifom, maƙwabta za su soma sallama da ledar allurai daga kemis: "Don Allah 'yar nan ki taimaka, asibiti layi." Ƙin yi yana da nauyi, musamman ga dattijuwar da ta goya ki. Ki auna mata zafin jiki, ki faɗa mata gaskiyar cewa ba hurumin ki ba ne, idan da hali ki raka ta asibitin da ƙafarki. Idan nas ce a wurin aiki ta miƙo miki sirinji don aiki ya yi mata yawa, ki ce cikin ladabi, "Sista, ba a ba ni izinin wannan ba, kawo in riƙe miki wani aikin."

7. Me ya sa ake ta nanata maganar juya mara lafiya?

Saboda gyambon kwanciya. Idan nauyin jiki ya daɗe a kan wuri ɗaya, jini ba ya isa fatar da ke tsakanin ƙashi da katifa, sai naman ya soma mutuwa daga ciki. Ƙugu ta baya, kwatangwalo, dundunniya, kafaɗa da ƙeya su ne wuraren da ya fi kamawa. Shi ya sa ake juya wanda ba ya motsi kusan duk awa 2, dare da rana, a tabbata zanin gado a bushe yake ba tattara, a sa matashi tsakanin gwiwoyi, a ɗage dundunniya daga katifa.

Littattafai sukan ce alamar farko ita ce fata ta yi ja. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Abin da za ki nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu ko sheƙi, ko ya fi ɗumi, ko ya yi tauri idan kin taɓa. Kada ki murza wurin, ki ɗauke masa nauyi ki nuna wa nas. Gyambon da ya buɗe yana iya cin watanni bai warke ba, ya cinye kuɗin gida a wankin ciwo. Idan kika ga tsoho ya yi wata uku a kwance fatarsa lafiya lau, to akwai wadda take tashi cikin dare saboda shi.

8. Ina da ƙyanƙyami, kuma jini yana tsorata ni. Zan iya?

Tsoron jini yakan tafi da sabo, kuma ba ke kaɗai ba ce jiri ya taɓa ɗiba a makon farko. Wari ma hanci yana sabawa. Abin da ba ya gyaruwa da sauƙi shi ne raina mutum. Dattijon da ya yi bayan gida a kwance ya fi ki jin nauyin abin. Jiya shi ne mai gida. Idan za ki iya gyara shi fuskarki a sake, kina kiransa Baba, kin ja labule, ba ki ɗaga murya ɗaki ya ji ba, to za ki iya aikin.

9. Iyayena suna jin tsoron aikin dare da cuɗanya da maza. Me zan ce musu?

Damuwarsu tana kan hanya, kada ki yi musu gardama. A yawancin asibitocinmu ɗakin maza daban, na mata daban, kuma ana ƙoƙarin mace ta yi wa mace hidimar da ta shafi tsiraici, namiji ya yi wa namiji. Wannan ma shi ne dalilin da ya sa ake buƙatar ku: akwai matan da ke ƙin zuwa asibiti, ko mazansu su hana su, don babu mace a wurin. A ɗakin maza kuma ana matuƙar buƙatar samari masu haƙuri.

Aikin dare gaskiya ne, ana juyawa tsakanin safe da yamma da dare, har ranar Sallah. Ki kai mahaifinki ko mijinki ya ga wurin, ya gaisa da metiron, wato shugabar nas-nas, a yi maganar yadda za ki riƙa zuwa da komawa. Gara a daidaita tun kafin ki karɓi aiki da a zo ana rigima bayan an sa sunanki a jadawali.

10. Yaya zan kare kaina daga ɗaukar cuta?

Kafin ki fara, ki yi gwajin ciwon hanta nau'in B, idan ba ki da shi ki karɓi rigakafi: allura 3, ta farko, sai bayan wata 1, sai a wata na 6. Wannan cutar ta fi HIV saurin kama mutum ta hanyar tsinin allura. Wanke hannu da sabulu daƙiƙa 40 zuwa 60, ko goga sanitaiza daƙiƙa 20 zuwa 30, kafin taɓa mara lafiya da bayan taɓa shi. Safar hannu ba ta maye gurbin wanki, kuma ba a yawo da guda ɗaya daga gado zuwa gado.

Ko da yake ba kya allura, ke ce mai kwashe kaya, shi ya sa tsini ya fi samun masu gyaran gado da masu shara. Kada ki mayar wa allura murfinta, kada ki cusa hannu cikin kwandon shara, a jefa ta cikin kwalinta na musamman. Idan ta soke ki, ki wanke da sabulu da ruwa mai gudu, ki faɗa a take ko da tsakar dare ne. Maganin kariya daga HIV ana fara shi ne cikin awa 72, gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa, a sha kwana 28. Ɓoyewa don tsoron faɗa shi ne babban kuskure.

Da rani ki sa zazzaɓin Lassa a ranki, domin ya kashe ma'aikatan lafiya a jihohi da dama. Zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, balle da zubar jini, a sanar da manya. Bayanki ma abin karewa ne: ki durƙusa da gwiwa lokacin ɗagawa, ku kama zani ku biyu, kada ki ɗaga babban mutum ke kaɗai.

11. Nawa ake biya? Kuma me zai iya jawo a kore ni?

A gwamnati ana biya ne a ƙananan matakan tsarin albashin ma'aikatan lafiya, kuma jiha da jiha sun bambanta. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ga shi ƙananan asibitocin kuɗi da yawa a nan suka faɗo. Ki nemi a rubuta miki albashi da awannin aiki da ranar hutu a takarda. Wanda ya ce ki yi "gwaji" ba biya, ki tambaye shi ranar da gwajin zai ƙare.

Abin da ya fi saurin raba mutum da aikin nan shi ne baki da waya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye sirrin mara lafiya. A gari irin namu da kowa ya san kowa, kalma ɗaya a gidan biki game da cutar wance tana iya kashe aure. Hoto ko bidiyo a cikin ɗaki don TikTok ko WhatsApp, ko da fuska ba ta fito ba, ki bar shi. Idan dangi suka tare ki a baranda suna tambayar sakamakon gwaji, ki haɗa su da nas ko likita.

12. Burina in zama cikakkiyar nas. Shekarun da na yi ina mataimakiya za su rage mini karatu?

Ba za su rage ko wata ɗaya ba, amma za ki shiga firatikal hannunki a sake, abin da 'yan ajinku za su daɗe ba su samu ba. Ana neman kiredit 5 a Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama bai wuce 2 ba. Idan naki bai cika ba, nan ya kamata kuɗin ogzilarin nan na tambaya ta 3 ya tafi: lesin da sake jarrabawa. Tsohon tsarin makarantar nas shekara 3 ne. Yanzu kwalejoji da yawa sun koma tsarin ND da HND na shekara 4 ta hanyar JAMB, digiri a jami'a kuma shekara 5. Akwai kuma karatun nas da ungozoma na karkara na shekara 2, wanda NMCN ke ba wa lasisinsa, an tsara shi don waɗanda za su koma su yi wa yankinsu aiki.

'Yan matan ƙauye kada su ɗauka ƙofar ba tasu ba ce. Shirin Women for Health da Birtaniya ta tallafa wa daga 2012, a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe, ya ɗauki 'yan mata da matan aure daga karkara ya yi musu shekarar share fage har suka cika kiredit suka shiga makarantun lafiya. Ki tambaya a kwalejin jiharku ko akwai irin wannan ajin.

13. Na ji ana tafiya Amurka da Ingila da wannan aikin. Gaskiya ne?

A Amurka aikin yana da suna da rajista, CNA ake kiransa. Dokar tarayya ta 1987 ta sa wa masu aiki a gidajen kula da tsofaffi horon aƙalla awa 75, jihohi da yawa sun ɗara haka, sannan a ci jarrabawar rubutu da ta aikin hannu kafin suna ya shiga rajistar jihar. Jihar ce ke amincewa da makarantar, saboda haka "satifiket ɗin CNA" da ake sayarwa a Legas ko Abuja ko ta intanet ba ya sa sunanki a can, kuma ba biza ba ne. Yawancin 'yan Afirka da ke wannan aikin a Amurka sun shiga ƙasar ne ta wata hanyar, suka yi horon bayan sun isa.

Ingila ta buɗe ƙofa a 2022, 'yan Nijeriya da yawa suka tafi aikin kula da tsofaffi. Daga 11 ga Maris 2024 aka hana sababbin masu wannan bizar tafiya da iyalansu, sannan daga 22 ga Yuli 2025 aka daina ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje. Tun kafin rufewar, mutane sun sayar da filaye da gwala-gwalai sun ba ejan miliyoyi don takardar ɗaukar nauyi, suka isa suka tarar babu aikin, alhali kamfanin da ya ɗauki mutum shi doka ta ɗora wa kuɗin wannan takardar. Duk ejan da ya zo miki da wannan tayin, ki shiga shafin gwamnatin Birtaniya ki karanta ƙa'idar ranar da idonki, ko ki sa wanda kika yarda da shi ya karanta miki. Saudiyya ma sai hukumar ƙwararrun lafiyarsu ta tantance takardu kafin a yi aikin asibiti, ita kuwa takardar ogzilari babu hukumar da za ta tsaya mata. Abin da ake tantancewa shi ne lasisin da muka yi bayani a tambaya ta 2.